Akwatunan tokar Rumawa a gidajen tarihi: kayan fasaha ne ko kaburbura?

Bakano_a_Rum:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin tarihi nesa ba kusa ba. Saura awa uku jirgin ƙasan da zan hau ya tashi daga tashar Termini ta birnin Rum, sai na tsallaka titi na shiga gidan tarihin da ke cikin tsohon gidan wankan Kaisar Diocletian. A farfajiyar ciki na tarar da fararen duwatsu jere a jikin bango, wasu kamar akwatin da bai wuce kamu ɗaya ba, wasu kuma dogaye har ƙugun mutum ko ƙirjinsa. An sassaƙa musu kawunan raguna a kusurwa, da igiyar furanni da 'ya'yan itace, da ƙananan tsuntsaye, kuma da yawansu rubutun jikinsu ya fara da haruffa biyu, D da M. Da na karanta ɗan bayanin da aka liƙa, sai na gane ƙananan akwatunan na tokar gawa ne, dogayen kuma duwatsun kabari ne da aka yi su da siffar bagaden hadaya. Nan take jikina ya yi sanyi, domin ji na yi kamar a maƙabarta nake tsaye, alhali mutanen da ke gefena hotuna kawai suke ɗauka. Tambayata ita ce, waɗannan abubuwa kayan fasaha ne da ya dace a jera a kalla, ko kuwa kaburburan mutane ne aka tumɓuke aka kawo kallo?

Almajirin_Latin:
Wa alaikumus salam, Malam Bakano. Bari in fara da haruffan nan biyu kafin manya su zo kan hukunci. D M gajarta ce ta Dis Manibus, wato sadaukarwa ga ruhohin matattu, waɗanda Rumawa suke ɗauka a matsayin wasu ƙananan ababen bauta. Bayan su sai sunan mamaci, da shekarun da ya yi a duniya, sau da yawa har da watanni da kwanaki, sannan sunan wanda ya sa aka yi dutsen. Idan ka koma ka duba gefen dogayen, za ka ga buta a ɗaya gefen da tasa mai faɗi a ɗayan, domin su ne kayan da ake zuba hadayar ruwan inabi da su.

Abin da nake so a riƙe tun farko shi ne, ba don a ɓoye aka yi waɗannan duwatsu ba. Tsohuwar dokar Rum da aka rubuta a alluna goma sha biyu wajen shekara ta 450 kafin Miladiyya ta hana binne gawa ko ƙona ta a cikin birni. Saboda haka kaburbura suka jeru a bakin manyan hanyoyin da ke fita daga gari, irin su Via Appia da Via Latina, inda duk mai shiga da mai fita sai ya wuce ta gabansu. Akwai rubuce-rubucen da kai tsaye suke kiran matafiyi su ce masa ya dakata ya karanta. A ganina, mai kallon da ya tsaya ya karanta sunan ya yi abin da masu dutsen suka roƙa.

Magini_Zazzau:
Kafin a yi nisa ina da ɗan gyara ga duk wanda zai kira dutsen nan marmara. A wurinmu magina, marmara ita ce jan dutsen nan mai ramuka da ake haƙowa a yi harsashin gini ko a zuba a hanya. Wanda Malam Bakano ya gani shi ne mabul, farin dutse mai sheƙi idan an goge shi. Akasarin wanda aka yi aiki da shi a birnin Rum a wancan zamani daga duwatsun Luna ake yanko shi, wurin da yau ake kira Carrara, kuma har gobe ana haƙarsa a can. Tun zamanin Kaisar Augustas ya wadata, shi ya sa mai matsakaicin hali ma ya iya sayen ɗan guntu. Na daɗe ina duba hotunansu da idon mai aikin hannu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke huda dutsen da abin huji domin inuwa ta zauna tsakanin ganye da ganye. Wanda ya yi wannan ba ƙaramin gwani ba ne, kuma kusan dukkansu ba su bar sunansu a jikin aikin ba.

Hajiya_Malamar_Tarihi:
Malam Almajiri ya yi bayani mai kyau, amma ban yarda da ƙarshen maganarsa gaba ɗaya ba. Abin da ya faɗa ya fi dacewa da manyan duwatsun da ke tsaye a fili. Ƙananan akwatunan toka kuwa akasari a cikin gini suke, ba a bakin hanya ba. Rumawa suna gina wani irin ɗaki, sau da yawa rabinsa a ƙarƙashin ƙasa, a cika bangonsa da ƙananan taguna jere sama da ƙasa, kowace taga da tukunya ɗaya ko biyu. Masana suna kiransa columbarium, daga kalmar Latin ta tattabara, saboda kamanninsa da ɗakin tattabaru, kuma duk wanda ya taɓa kiwon tattabaru a gida zai gane hoton nan take. Mai shiga wannan ɗaki dangi ne ko abokan aiki, ba kowane mai wucewa ba.

A shekarar 1726 aka gano irin wannan ɗaki a kan Via Appia, na bayi da 'yantattun bayin Livia matar Augustas. An kwashe rubuce-rubucen, ginin kuma ya lalace bayan haka, sai zanen da masu zane na lokacin suka yi ya rage. A cikin sunayen akwai mai gyaran gashin uwargida, da maƙerin zinariya, da likita, da ungozoma, da mai tsaron ƙofa. Waɗannan mutane tare suka yi aiki a gida ɗaya, tare aka ajiye su a bango ɗaya, yau kuma allunansu sun rarrabu tsakanin gidajen tarihi. Wannan rabuwa ita ce asarar da ni na fi ji, fiye da batun kallo.

Dan_Kurmi_77:
Ni dai a fahimtata, duk Rumawa ƙona gawa suke yi saboda bautar gumaka, kuma zuwan addinin Kirista ne ya hana su. In haka ne, me zai sa mu damu da tokar da su kansu masu ita ba su girmama jikin ba?

Almajirin_Latin:
Ɗan'uwa Dan Kurmi, maganar ba haka take ba ta fuska biyu. Da farko, ba duka suke ƙonawa ba. Gidan Cornelius, ɗaya daga manyan gidajen Rum, binnewa suke yi har zuwa kan Sulla da ya mutu a shekara ta 78 kafin Miladiyya, kuma akwatin gawar Scipio Barbatus na wannan zuriya yana nan a gidan tarihin Batikan. Jariran da ba su yi haƙori ba ma binne su ake yi. Na biyu, komawa ga binnewa ya fara yaɗuwa ne tun zamanin Kaisar Hadrian, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138 Miladiyya, lokacin Kiristoci tsiraru ne ƙwarai, kusan shekara ɗari biyu kafin Kaisar Constantine ya ba addininsu 'yanci a 313. Shi ya sa mafi yawan akwatunan toka da bagadan kabari da ake gani na ƙarni na farko ne da farkon na biyu, daga nan sai manyan akwatunan gawa na mabul suka maye gurbinsu.

Game da girmamawa kuwa, bayan wuta ta mutu dangi ne suke tsince ƙasusuwan da hannunsu, su yayyafa musu ruwan inabi, su zuba a tukunya. A rana ta tara a yi hadaya da cin abinci a bakin kabari. Kowace shekara daga 13 zuwa 21 ga Fabrairu ana kwanakin Parentalia, iyalai su fita ziyarar matattunsu, a rufe wuraren bauta, a dakatar da ɗaurin aure. Hanyarsu ta saɓa wa tamu, amma ba za a ce ba su damu da mamaci ba.

Malam_Na_Zaure:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Tunda an taɓo hukunci, zan faɗi abin da na sani a taƙaice. A shari'armu ƙona gawa haramun ne, kuma hadisi ya zo a Sunan Abi Dawud cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Haka nan an hana gini a kan kabari. Saboda haka Musulmi ba zai kalli waɗannan abubuwa da sha'awar koyi ba. Sai dai kallo don ɗaukar izina wani abu ne dabam, kuma a aya ta 9 ta Suratur Rum Allah Maɗaukaki ya yi tambaya ko mutane ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba su ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance, alhali sun fi su ƙarfi, sun noma ƙasa sun raya ta. Sanyin jikin da Malam Bakano ya ji shi ne abin da ake nema. Abin da zan so a bambance shi ne dutsen da babu komai a cikinsa da wanda har yanzu akwai ƙasusuwa. Na farko tarihi ne, na biyu kuwa ragowar ɗan Adam ne, kuma Allah ya karrama 'yan Adam ba tare da ya ware wata al'umma ba.

Bakano_a_Rum:
Allah ya gafarta Malam, wannan bambanci ya taimake ni. Waɗanda na iya leƙawa, murfinsu a ɗage ko babu murfin, duk wayam suke.

Hajiya_Malamar_Tarihi:
Mafi yawansu haka suke, Malam Bakano, domin masu haƙa na ƙarni na 18 dutsen suke nema, abin da ke ciki bai dame su ba. A yau masu binciken ƙasa sun fi son su sami tukunya da ƙasusuwanta, saboda daga guntayen ƙashi ake gane shekarun mamaci da jinsinsa, a gwada da abin da rubutu ya ce. Ƙaramin ƙari kuma ga Malam Na Zaure, da neman afuwa: Rumawan da aka ambata a farkon surar su ne na gabas masu hedikwata a Kustantiniyya, waɗanda suka gwabza da Farisa a ƙarni na bakwai. Magada ne ga waɗannan da muke magana a kansu, amma tsakaninsu akwai kusan shekara ɗari biyar.

Malam_Na_Zaure:
Haka ne Hajiya, na karɓi ƙarin. Ayar da na kawo ma ba Rumawa ta keɓe ba, kowace al'umma da ta shuɗe ta shiga ciki.

Uwar_Tagwaye:
Ni ba masaniyar tarihi ba ce, malamar firamare ce, amma akwai dutse ɗaya da tun da na san labarinsa ban manta shi ba. Na wani yaro ne mai suna Quintus Sulpicius Maximus, wanda ya rasu yana da shekara 11 da wata 5 da kwana 12. A shekara ta 94 Miladiyya, zamanin Kaisar Domitian, ya shiga gasar waƙa da harshen Girkanci cikin mawaƙa 52, inda ake ba mutum maudu'i nan take ya tsara baitoci. Bai ci gasar ba, amma ya fita da yabo. Da ya rasu, iyayensa suka sa aka sassaƙa siffarsa a tsakiyar dutsen yana tsaye da takarda a hannu, aka kewaye shi da baitocin waƙar tasa fiye da arba'in, har rubutun ya matse ya gangara cikin takardar da yake riƙe da ita. Sun kuma rubuta dalilinsu da Latin, cewa sun sa waƙar ne don kada a zaci son ɗa ne ya sa suke yabonsa. A wani ɓangaren an ce ciwo da gajiya ne suka kashe shi, domin dare da rana ba ya ajiye karatu.

Ina da ɗalibai masu wannan shekaru, kuma na san irin iyayen da ke tura yaro musabaƙa da zuciya ɗaya. An gano dutsen a 1871 a cikin hasumiyar ƙofar Salaria, domin magina ganuwar birni sun haɗiye kabarin cikin gininsu tun ƙarni na uku. Yau ainihin dutsen yana gidan tarihin Centrale Montemartini, an kafa kwafinsa kusa da inda aka samo shi. Iyayen nan shaida suke nema, kuma shekara dubu ɗaya da ɗari shida babu mai iya karanta shaidarsu. Ni a wannan dutsen ban ga laifin gidan tarihi ba ko kaɗan.

Bahaushen_Liverpool:
Malama ta taɓa zuciya, amma ina so in ja hankalin zaure kada a gaskata duk abin da aka gani rubuce a jikin waɗannan akwatuna. A ƙarni na 18 'ya'yan masu kuɗin Ingila suna zuwa Italiya yawon buɗe ido, kuma kowa yana son ya koma da tsarabar tsohon dutse. Akwatin toka shi ne mafi sauƙin ɗauka da araha. Masu gyara irin su Cavaceppi da Piranesi suka mai da abin sana'a, suna haɗa murfin wannan da gangar jikin wancan, suna cike abin da ya karye da sabon dutse. Wasu akwatunan tun asali allon rubutunsu babu komai, domin masassaƙan Rum sukan yi su su ajiye sai mai saye ya zo, to irin waɗannan sai dillalai su sa a sassaƙa musu suna, domin mai rubutu ya fi tsada. Tarin Henry Blundell, wanda ya koma hannun gidan tarihin Liverpool a 1959, yana da akwatuna da yawa da masana suka tabbatar rubutunsu na baya ne. Haka tarin Charles Townley ya shiga gidan tarihin Birtaniya a Landan a 1805, ɗan Piranesi kuma ya sayar wa Sarkin Suwidin Gustav na Uku ragowar kayan mahaifinsa. To idan mutum ya tsaya yana jimami a gaban suna, mai yiwuwa ne wanda aka zuba tokarsa a ciki bai taɓa amsa wannan suna ba.

Magini_Zazzau:
Wannan gaskiya ne, kuma ido yana iya kamawa idan an saba. Sabon dutse da tsoho ba sa tsufa iri ɗaya, layin haɗi yakan fito, kuma hannun da ya yanka harafi jiya ba ya kama da wanda ruwa da ƙasa suka ci bakinsa shekaru aru-aru.

Uwar_Tagwaye:
Yaya na Liverpool, to na yaron da na ambata fa?

Bahaushen_Liverpool:
Nasa ba ya cikin wannan zargi, Malama, domin a cikin ganuwa aka same shi, an san rana an san wuri, bai bi ta hannun dillali ba. Ma'aunin ke nan, a san inda abu ya fito. Na taɓa shiga wani ƙaramin gidan tarihi na tarar da akwatin toka an rubuta masa kalma uku kacal, cewa na Rum ne, na mabul ne, na ƙarni na farko ne. Ba a fassara sunan ba, ba a ce daga ina ba. Na nemi mai yi mini bayani ban samu ba. Wannan shi ne abin da nake ganin cin mutunci ne, a mai da mutum ado a lungu.

Dan_Tillaberi:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma maganar sanin inda abu ya fito ta sa dole in sa baki, domin mu a Nijar mun ga wannan da idonmu. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, a 1983 kuma Boubé Gado ya jagoranci haƙa a Asinda-Sikka, aka sami ɗaruruwan tukwanen ƙasa a kife a kan kaburbura, wasu da siffar kawunan mutane, wasu da mahaya dawaki. Bayan an nuna su a Faransa a farkon shekarun 1990, kasuwa ta buɗe, mutane suka shiga tona wuraren dare da rana, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin abubuwan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Mutanen Bura ba su bar rubutu ba, saboda haka tukunyar da aka cire daga raminta ba tare da an rubuta yadda aka same ta ba, ta zama bebiya har abada. Rumawa sun yi sa'a duwatsunsu suna magana da kansu. Amma abin da ya faru da ɗakin bayin Livia a 1726 shi ne ya faru da mu kusan shekara ɗari biyu da saba'in bayan haka, kuma abin da ke tura shi ɗaya ne, mai saye a nesa.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Tunda ɗan'uwa na Tillaberi ya kawo wannan, ya kamata a ce wani abu kan doka. Italiya ba ta zauna haka nan ba. Tun 1820 gwamnatin Fafaroma ta fitar da dokar da ake kira da sunan Kadinal Pacca don taƙaita fitar da kayan tarihi, dokar Italiya ta 1909 da ta 1939 kuma suka mai da abin da aka tono daga ƙasa mallakar gwamnati. A 1969 suka kafa rundunar 'yan sanda ta musamman don wannan aiki, shekara guda kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970. Abin da ya fita a zamanin Townley kuwa, kafin waɗannan dokoki, ya fita ne ta ciniki, ba kamar kayan Benin da sojojin Birtaniya suka kwasa da bakin bindiga a 1897 ba. Kada mu haɗa su a kwando ɗaya.

Dan_Tillaberi:
Ranka ya daɗe, na yarda ba ɗaya ba ne a gaban alƙali. Amma wanda ya sayar da kabarin ba shi ne mai kabarin ba. Malam Almajiri zai gyara mini idan na yi kuskure, na ji cewa su kansu Rumawa sukan rubuta a jikin kabari cewa ba ya shiga gado.

Almajirin_Latin:
Ba ka yi kuskure ba. Sukan sa haruffa biyar, H M H N S, ma'ana wannan kabari ba zai bi magaji ba, don kada wani ya gada ya sayar. Wasu har tara suke yankawa a rubuce ga duk wanda ya sayar ko ya sa baƙuwar gawa, sukan kuma rubuta faɗin filin da tsawonsa da ƙafa. A dokarsu wurin da aka ajiye mamaci ya fita daga abin da ake ciniki. Wannan hujja ce mai ƙarfi da ta saɓa wa abin da na faɗa da farko, kuma na amince da ita.

Hajiya_Malamar_Tarihi:
Sai dai a tuna cewa ba gidajen tarihi ne suka fara taɓa su ba. Shekaru ɗaruruwa mutanen Rum suna ƙona mabul a matoya don su sami farar ƙasar gini, suna sa bagadan kabari a harsashin gida, suna mai da akwatunan toka wurin zuba ruwa a majami'u. Misalin da ya fi tsaya mini shi ne na Agrippina Babba, jikar Augustas kuma mahaifiyar Kaisar Kaligula. Ta mutu a tsare a tsibirin Pandateria a shekara ta 33, ɗanta ya je da kansa ya ɗauko ƙasusuwanta a 37 ya sa a kabarin Augustas. Bayan fiye da shekara dubu aka ɗauke dutsen da ya riƙe tukunyarta aka kai tudun Capitol a birnin Rum, aka mai da raminsa ma'aunin hatsi, ana auna alkama da shi kamar yadda ake yi da mudu, alhali kalmar farko a jikinsa ita ce ƙasusuwa, sai sunanta. Yau yana gidan tarihin Capitol. Tsakanin matoya da kasuwar hatsi da gidan tarihi, na san wanda zan zaɓar wa dutsen.

Bahaushiyar_Kumasi:
Ina gaishe da iyaye da yayye. Abin da ban ji an tsaya a kansa sosai ba shi ne su wane ne masu waɗannan duwatsu. Hajiya ta ambaci bayin Livia, kuma abin ya wuce gida ɗaya, domin kaso mai yawa na rubutun kabarin birnin Rum na 'yantattun bayi ne da 'ya'yansu. Wanda aka 'yanta yakan ɗauki sunan ubangidansa ya ƙara nasa a ƙarshe, alaƙa kuma ba ta yankewa, abin da ya yi kama da wala'i a littattafan fiƙihu. A Batikan akwai bagaden Lucius Cornelius Atimetus, maƙerin wuƙaƙe. A gefe ɗaya an nuna mutum biyu a maƙera suna dukan ƙarfe a kan uwar maƙera, a ɗaya gefen kuma shagonsa ne, wuƙaƙe da lauje a rataye jere, yana ciniki da mai saye. Ya rubuta cewa ya yi dutsen don kansa da 'yantaccen bawansa Epaphra da sauran waɗanda ya 'yanta da zuriyarsu. A Landan kuma akwai akwatin Vernasia Cyclas da ta rasu tana da shekara 27, mijinta Vitalis 'yantaccen bawan Kaisar ne, an sassaƙa su biyu suna riƙe da hannun dama na juna. Bawa a dokar Rum ba shi da aure da doka ta sani, shi ya sa wanda ya sami 'yanci yake son a ga aurensa a dutse. Littattafan tarihin Rumawa na sarakuna da sanatoci ne, ba don waɗannan duwatsu ba da ba mu san maƙerin nan ya taɓa rayuwa ba.

Dan_Kurmi_77:
Na janye maganata ta farko. Amma talakan da ba shi da kuɗin mabul fa, ina ya shiga?

Almajirin_Latin:
Mafi yawa tukunyar ƙasa suke samu da ɗan allo mai suna, mafi talauci kuma a da ramukan gayya ake jefa su a unguwar Esquilino. Don gudun haka ne masu ƙaramin ƙarfi suke kafa ƙungiya mai kama da adashi. Dokokin ɗaya daga cikinsu, ta garin Lanuvium, an sassaƙa su a shekara ta 136. Mai shiga zai biya sestas 100 na kuɗin Rumawa da tulun ruwan inabi mai kyau, sannan as 5 kowane wata, wato sestas ɗaya da kwata. Idan ya mutu ƙungiya ta fitar da sestas 300 don jana'izarsa, amma wanda ya yi wata shida bai zuba ba ya rasa haƙƙinsa. Bayi ma suna shiga, kuma an rubuta cewa idan ubangida ya hana gawar bawansa, za a yi masa jana'iza da siffarsa. Malam Bakano, wannan allo yana cikin gidan tarihin da ka shiga ranar Asabar.

Malam_Na_Zaure:
Wannan sharaɗi na bawan da aka hana gawarsa ya girgiza ni. Duk da haka ina nan a kan bakata, inda aka sami ƙasusuwa a ciki, a yi binciken da za a yi a mayar da su ƙasa, a bar dutsen ga masu karatu.

Hajiya_Malamar_Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, masu bincike za su ce maka abin da ba a iya ganowa daga ƙashi yau ana iya gano shi bayan shekara ashirin, kuma ƙasa ba ta mayar da abin da aka ba ta yadda yake. A nan ni da kai ba mu haɗu ba tukuna.

Bakano_a_Rum:
Na gode wa kowa da kowa. Har yanzu zuciyata ba ta daina ganin wurin a matsayin maƙabarta ba, musamman bayan haruffa biyar ɗin da Malam Almajiri ya fassara, amma labarin yaron nan mawaƙi ya hana ni cewa a rufe ƙofa. Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ba ni da aiki, zan koma da littafi da alƙalami in nemi allon Lanuvium. Akwai kuma wani ƙaramin akwati kusa da kusurwar farfajiyar da aka sassaƙa masa ƙofa mai ganye biyu a gaba, wanda na wuce ban karanta ba saboda sauri. Zan kwafo haruffansa ɗaya bayan ɗaya in kawo nan. Malam Almajiri ya fassara mana, Yaya na Liverpool da Malam Magini kuma su duba hoton su gaya mana ko murfin nasa ne.